GIDAN HAYA DA RASHIN MATSUGUNI A AREWACIN ƘASAR ZAZZAU: MISALIN PAKI DA MAƘWABTANTA



GABATARWA

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba dangantakar da ke tsakanin abubuwa biyu waɗanda ba kasafai ake haɗa su a zance ɗaya ba, watau zuba jari a gidajen haya da kuma rashin matsuguni. An zaɓi garin Paki da ƙasar da ke kewaye da shi, watau ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, domin a irin wannan wuri ne ake iya ganin al'amarin tun yana ɗanye, kafin ya kai matsayin da ya kai a Kano ko Kaduna ko Legas.

Abin da laccar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ɗakin haya mai araha shi ne matakin ƙarshe da talaka yake takawa kafin ya faɗa kwanan rumfar kasuwa, kuma shi ne matakin farko da yake kamawa in zai fita daga wannan hali. Tun da yake ba gwamnati ce take gina wannan ɗaki ba, 'yan kasuwa da ma'aikata da manyan manoma ne suke gina shi da guminsu, to ashe irin ginin da suka zaɓa, da sharuɗɗan da suka gindaya, su ne suke yanke hukuncin wanda zai kwana a ciki da wanda zai kwana a waje.

ƘASAR DA MUTANENTA

Paki tsohon gari ne a arewacin ƙasar Zazzau, cikin Ƙaramar Hukumar Ikara, ba nisa da iyakar Jihar Kano. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna Ikara tana da mutane fiye da 190,000, Maƙarfi kimanin 146,000, Kudan kuwa kimanin 139,000. Ƙasa ce ta noma, damina da rani. Ana noma masara da dawa da waken suya, sa'an nan a fadamu ana noma rake da tumatir da barkono. Maƙarfi ta yi suna wajen rake da mazarƙwaila, Ikara kuwa tun farkon shekarun 1980 aka kafa mata kamfanin sarrafa tumatir.

Irin wannan arziki yana jawo baƙi. Akwai 'yan ƙwadago masu saran rake da tsinkar tumatir, da 'yan dako, da direbobi da yaran mota waɗanda suke ya da zango a Tashar Yari da sauran tashoshin hanyar Zariya zuwa Kano. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki. Akwai ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi. Waɗannan duka ba su da gidan gado a garin da suka sauka, kowannensu kuwa dole ne ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa in dare ya yi.

Wajibi ne a fayyace abin da ake nufi da rashin matsuguni a nan, domin wanda ya zagaya Paki ko Hunƙuyi da dare ba zai ga mutane jere a bakin titi kamar yadda ake gani a manyan biranen duniya ba, har ya ɗauka babu matsala. Marar matsuguni a ƙasar Hausa ɓoyayye ne. Shi ne mai kwana a rumfar kasuwa bayan an watse, ko a barandar masallaci, ko a cikin motar ubangidansa, ko a kangon da ba a gama ginawa ba da sunan gadi. Ita ce bazawarar da take raɓe a ɗakin ƙanwarta da 'ya'ya uku, ba ta san ranar da mijin ƙanwar zai gaji ba. Duk wanda kwanansa ya rataya a kan haƙurin wani, kuma ana iya tashinsa gobe ba tare da ya sami wurin kai ƙara ba, to yana cikin wannan lissafi.

MATSUGUNI A ZAMANIN DA

A da, a garuruwa irin su Paki, gida ba hajar sayarwa ba ne. Baƙon da ya zo da niyyar zama yakan je wurin mai unguwa, a kai shi ga dagaci, a yanka masa fili. Ƙasar gini tana kududdufi, azara da ciyawa suna daji, maƙwabta kuma su taru a yi gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya zo wucewa kuwa zaure ya ishe shi. A zaure samarin gida suke kwana, a nan almajirai suke fakewa, a nan kuma ake saukar da matafiyi a kai masa tuwo. Ana iya cewa zaure shi ne masaukin marasa matsuguni na ƙasar Hausa, kuma kowane magidanci yana ɗauke da rabonsa na wannan nauyi ba tare da an rubuta masa doka ba.

Ko a harkar fatauci, inda ake saukar da baƙi don neman riba, ba kuɗin ɗaki ne ginshiƙi ba. Fatoma yakan ba falke masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, sa'an nan ya sami la'ada. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana wannan tsari a littafin da ya wallafa a 1969 a kan Hausawan unguwar Sabo ta Badun, inda masu gidaje suke saukar da fataken shanu da na goro. Abin lura a nan shi ne, ribar fatoma tana cikin cinikin baƙonsa, saboda haka arzikin baƙo arzikinsa ne, ba shi da wani dalilin korarsa.

Ba a nufin cewa zamanin da aljanna ne. Akwai bauta, akwai yunwa, akwai wanda haraji ya kora daga garinsu. Amma dai ba a san mutum ya rasa wurin kwana don ya kasa biyan kuɗi ba.

YADDA GIDA YA ZAMA JARI

Sauyi ya faro ne daga unguwannin da zuwan Turawa ya haifar. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya ya wuce Kano a 1911, Sabon Gari da Tudun Wada suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa masu karɓar kuɗi a hannu, ba su da dangi a gari, sai haya ta kafu. Kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya mai da Samaru garin 'yan haya. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 suka ƙara wa abin wuta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da ƙirƙiro sababbi a shekarun da suka biyo baya, shi ya kai albashi da sakatariya da gidan haya har cikin ƙananan garuruwa.

Ta wajen ƙasa kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. Nufin dokar shi ne a hana tara filaye a hannun 'yan kaɗan, amma a aikace wanda ya san hanyar ofis, yake kuma da abin biyan safiyo da takardu, shi ya fi cin moriyarta. Gonakin bakin gari suka zama fulotai, manomi ya sayar ya kashe kuɗin a biki ko jinya, 'ya'yansa suka tashi ba gona ba fili.

Me ya sa mai ɗan hali ya fi son ya zuba kuɗinsa a gini? Dalilan a fili suke. Naira tana zubewa, bulo kuwa ba ya zubewa. Mutane da yawa suna ƙyamar kuɗin ruwa na banki, alhali ijara, watau haya, halal ce wadda littattafan fiƙihun Malikiyya suka yi wa babi. Ma'aikacin da ya ga yadda magabatansa suka sha wuya wajen jiran fansho yakan ƙudurta cewa da zarar kuɗin sallamarsa ya fito zai gina ɗakuna huɗu ko shida su riƙe shi a tsufansa. Saboda haka yawancin masu gidan haya a wannan ƙasa ba attajirai ba ne. Tsofaffin malaman makaranta ne, da manoman rake, da matan da suka ci gado. Duk wanda zai yi magana a kan wannan matsala da adalci, dole ne ya riƙe wannan a zuciya.

LISSAFIN MAI GIDA DA LISSAFIN ƊAN HAYA

A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki darajar naira. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, a ƙarshen shekarar kuma hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100. A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Jihar Kaduna ta sa nata 72,000.

A ɗauki misali don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ƙaddara mutum ya kashe naira miliyan 12 ya gina ɗakuna shida, yana fatan kuɗinsa su dawo cikin shekara goma. Ke nan yana bukatar naira 1,200,000 kowace shekara, watau 200,000 daga kowane ɗaki, ban da gyaran kwano da kwashe masai da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa. Ga ma'aikaci mai albashin 72,000, wannan ya kusa cinye albashin wata uku cur. Ga ɗan ƙwadagon da ake sallama kullum da yamma, wanda aikinsa yake ƙarewa da ƙarewar rake, kuɗi ne da bai taɓa riƙewa a dunƙule ba.

A nan ne gizo yake saƙar, domin al'ada ta zama a biya kuɗin shekara gaba ɗaya, a ƙara da la'adar dillali. Mai gida yana da hujja: yana tsoron wanda zai shiga ya ƙi biya, yana kuma tsoron kuɗin su lalace kafin su taru. Amma sakamakon shi ne, mutumin da zai iya biyan 17,000 duk wata ba fashi an rufe masa ƙofa don ba shi da 200,000 a rana ɗaya. Mutane da yawa da suke kwana a rumfa suna da sana'a, suna kuma samun abin da zai biya ɗaki; dunƙulallen kuɗi ne ba su da shi.

Har wa yau, lissafin yana karkata mai jari zuwa ga wani irin gini. Shago a bakin hanya ya fi ɗakin kwana kawo kuɗi, ga shi ba ya bukatar rijiya ko makewayi. Ɗaki mai banɗaki a ciki, wanda ɗalibi ko ma'aikaci zai kama, ya fi ɗakin talaka riba. Don haka ake fasa zaure a mai da shi shaguna, ake rushe gidan ƙasa mai ɗakuna goma a gina na bulo mai sassa uku. Gari yana ƙara kyau, kuɗin da aka zuba a gini yana ƙaruwa, amma wuraren kwanan talaka suna raguwa. Kowane zauren da ya zama shago, akwai waɗanda suka tashi daga cikinsa, kuma babu littafin da aka rubuta sunayensu.

ƘOFOFIN DA AKE FITA TA CIKINSU

Ƙofa ta farko ita ce rabon gado. Magidanci ya rasu ya bar gida ɗaya da magada goma sha biyar, gidan ba ya rabuwa, sai a yi masa kuɗi a sayar. Mai saye galibi mai neman wurin gina haya ne. Matar mamaci, wadda rabonta tumuni ne in akwai 'ya'ya, takan tashi da abin da bai isa sayen fili ba, ta koma 'yar haya, wani lokaci a unguwar da ta yi shekara talatin tana matar gida. In kuɗin suka ƙare sai raɓe.

Ta biyu ita ce mutuwar aure. Shari'a ta ba matar da aka saka haƙƙin zama a ɗakinta har ta gama idda, amma sau da yawa ba a bin wannan. Da can takan koma gidan iyaye. Yau kuwa ta yiwu an sayar da gidan, ko iyayen su ma haya suke yi. Daɗin daɗawa, masu gidaje da yawa ba sa son ba mace marar miji ɗaki.

Ta uku ita ce tashin hankali. Hare-haren 'yan bindiga a ƙasashen Birnin Gwari da Giwa cikin shekarun da suka gabata sun kora iyalai da yawa zuwa Zariya da garuruwan da suka fi kwanciyar hankali. Duk inda masu neman ɗaki suka yi yawa haya takan tashi, sai ya zama masifar wani ta zama kasuwar wani, tsohon ɗan haya kuma a ce masa ya ƙara ko ya fita.

Ta huɗu ita ce rusau. A watan Oktoba na 2021 hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna ta rushe gidaje masu yawa a unguwar Graceland ta Zariya, bisa dalilin cewa filin na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne. A duk inda aka yi rusau, ko don hanya ko don layin dogo, diyya in ma an biya ta gini ce, gini kuwa na mai gida ne. Ɗan hayar da ya biya kuɗin shekara yakan tashi ba ɗaki ba kuɗi.

ABIN DA GWAMNATI TA GWADA

Gwamnatoci sun gwada hanya biyu. Ta farko ita ce su gina da kansu. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Shirin Raya Ƙasa na Uku, 1975 zuwa 1980, ya yi alkawarin gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudurta gina 2,000 a kowace jiha duk shekara, aka gina wasu a bayan gari inda babu ruwa babu kasuwa. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana cire kashi biyu da rabi cikin 100 na albashin ma'aikaci, amma rancen yana bukatar takardar albashi da takardar mallakar fili, abubuwan da mai saran rake ba shi da su.

Hanya ta biyu ita ce ƙayyade kuɗin haya. A 1976 gwamnatin soja ta kafa kwamitin duba haya, jihohi suka biyo baya da dokoki da kotuna na musamman. Masu gidaje suka koma karɓar kuɗi ta bayan fage, 'yan haya kuma suka ji tsoron kai ƙara don kada su rasa ɗakin. A 2011 Jihar Legas ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma inda masu nema suka fi ɗakuna yawa, doka takan tsaya a takarda. Shi kansa Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 16, ya ambaci samar wa 'yan ƙasa matsuguni, sai dai yana cikin babin manufofin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansu.

DARASI DAGA WASU WURARE

A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Jihar Legas ta rushe unguwar Maroko, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, daga baya filin ya zama ɗaya daga cikin mafi tsada a ƙasar nan. A Amurka, bayan rikicin bashin gidaje na 2008, miliyoyin iyalai sun rasa gidajensu, manyan kamfanonin jari irin su Blackstone suka saye dubban gidajen da araha suka mai da su na haya. Wannan shi ne inda hanya take kaiwa in aka bar gida ya zama haja zalla.

Ƙasar Finlan kuwa ta bi wata hanya. Tun 1985 wata gidauniya take sayen ɗakuna a kasuwa tana ba marasa matsuguni haya mai sauƙi, a 2008 kuma gwamnati ta ɗauki manufar a fara ba mutum ɗaki tukuna kafin a nemi ya gyara sauran al'amuransa. Yawan marasa matsuguni ya ragu ƙwarai cikin shekarun da suka biyo baya. Abin lura shi ne, da gidan haya aka yi maganin, sai dai an sauya mai shi da sharuɗɗansa. Musulmi ba baƙon wannan tunani ba ne, domin shi ne wakafi.

SHAWARWARI

Na farko, a sassauta yadda ake biya. Mai gida yana iya karɓar kuɗin wata wata daga mai albashi, ko kashi biyu daga manomi, da kaka da kuma bayan noman rani, in an sami wanda zai tsaya wa ɗan haya. Ƙungiyoyin 'yan dako da na direbobi da na manoman rake suna iya zama masu lamuni ga 'ya'yansu.

Na biyu, a riƙa rubuta yarjejeniya, ko da boko ko da ajami, a gaban mai unguwa, a faɗi kuɗi da wa'adi da wanda gyara yake kansa. Dokokin yawancin jihohi sun tanadi notis na wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata, kuma kotu ce kaɗai take da ikon fitar da mutum. Cire kwano ko ƙofa don a kori ɗan haya saɓa wa doka ne.

Na uku, ƙananan hukumomin nan uku su keɓe fili kusa da kasuwanni da tashoshi don gina masaukin 'yan ci-rani mai ruwa da makewayi, wanda za a riƙa biya kwana kwana. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata kuma su ba da rance mai sauƙi ga ƙaramin mai gida da ya yarda ya gina ɗakuna masu araha.

Na huɗu, alƙalai da malamai masu rabon gado su duba hanyar da za a fitar wa gwauruwa da marayu sashensu a cikin gida kafin a kai ga sayarwa, a kuma ba magada damar su fanshi rabon 'yan'uwansu.

Na biyar, mai gidaje da yawa ya yi wakafin ɗaki ɗaya cikin goma, ko ya bar zaure ɗaya a buɗe. Ɗalibai kuwa, musamman masu nazarin zaman jama'a da tsara birane, su fita su ƙidaya masu kwana a kasuwanni da tashoshin wannan yanki, da rani da damina, domin hukuma ba ta yi wa wanda ba a ƙidaya ba kasafi.

KAMMALAWA

Yawancin waɗanda suke zaune a wannan zaure 'yan haya ne a yau, kuma da yawa daga cikinsu za su zama masu gidan haya nan da shekara ashirin. Wasu kuma su ne za su zauna a ofisoshin da ake sa hannu a takardar fili da umarnin rusau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya ɗanɗani neman kuɗin shekara a dunƙule bai kamata ya manta ba ranar da makulli ya dawo hannunsa. Neman riba a gidan haya halal ne, ƙasa ma tana bukatar masu ginawa. Abin da ake nema shi ne a gina irin ɗakin da mai saran rake da bazawara za su iya kamawa, a kuma karɓi kuɗin ta hanyar da za su iya biya, tun garuruwa irin su Paki suna da sauran fili da sauran zumunci.

Allah ya ba kowa mafaka, ya sa albarka a dukiyar masu ginawa.